Garkuwar Oga Kabiru

Cikin duk ranakun da na yi a aikin gwajin wasanni, akwai wata Alhamis da ta ƙi fita daga kaina. Labarinta nake ba kowane sabon ma'aikaci kafin in miƙa masa waya ya fara gwaji, don haka ku ma yau ba ku tsira ba. Wanda yake latsa waya a bayan can, ajiye ta, ina ganinka.

A lokacin ofishinmu ɗaki biyu ne a saman bene a unguwar Ali Kazaure, ƙasanmu jerin shagunan teloli, wuni muke muna aiki da ƙarar kekunan ɗinki a kunne. Mu biyar ne kacal. Oga Kabiru shi ya kafa kamfanin, kuma shi ne mai tsara wasa: shi ke yanke ƙarfin kowane jarumi da na kowane dodo, da yawan jinin da duka ɗaya zai ci. Zuwaira ce mai rubuta kod, wato umarnin da waya ke bi ta aiwatar da abin da Oga ya tsara. Dung yana zane, Auwalu yana haɗa sauti. Ni ne na zo daga baya, aka ba ni muƙamin shugaban sashen gwaji, sashen da ni kaɗai ne a cikinsa. Aikina in nemo inda wasa ya karye kafin mutanen gari su nemo mana.

Ga wanda bai saba da irin wasan ba, bari in yi bayani. Mutum uku ne suke wasa tare, kowa da wayarsa, suna shiga tsofaffin ramukan kuza suna yaƙar dodanni. Ɗaya jarumi ne, mai jini da yawa, aikinsa ya tsaya a gaba ya sha duka. Ɗaya maharbi, yana da ɓarna amma jininsa kaɗan ne. Na uku mai magani, shi ke ƙara wa 'yan uwansa jini idan ya ragu. A ƙarshen rami na farko akwai babban dodo da muka sa wa suna Sarkin Rami.

To, dodon wasa ba ido gare shi ba, ba zuciya. Yadda yake zaɓar wanda zai daka shi ne, yana riƙe da ma'aunin fushi a kan kowane ɗayansu. Ka harbe shi, fushinsa a kanka ya hau. Ka ƙara wa wani jini, ya hau. Ka tsagaita, ya riƙa sauka a hankali. Wanda ma'auninsa ya fi na kowa, shi dodo zai bi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Saboda haka aka ba jarumi wani makami da muke kira kirari. Idan ya yi shi, fushin dodo a kansa ya yi tsalle, dodo ya bar masu ƙaramin jini ya dawo kansa.

Sai garkuwa. Wannan laƙanin kariya ne a hannun mai magani. Oga ya hana a rubuta kalmar tsafi ko'ina a wasan, ya ce babu uban da zai bar ɗansa ya sauke shi, shi ya sa muka tsaya a kan laƙani. Mai magani zai sa wa mutum ɗaya garkuwa, duka ya daina shigarsa na ɗan lokaci, sannan a jira ta sake cika. Oga ya ƙara mata wani abu da yake ji da shi: duk dukan da ya sauka a kan garkuwa yana ƙara wa dodo fushi a kan mai ɗauke da ita, don dodo ya ji haushin dukansa bai shiga ba. Ku riƙe wannan, a nan maganar take.

Kafin zuwana, al'adar ofis ita ce wasan Alhamis. Bayan la'asar a rufe aiki, a aiko da shayi, a shiga rami. Oga ne jarumi kullum, Dung maharbi, Auwalu mai magani, Zuwaira tana gefe da kwamfutarta tana lura ko wani abu zai tsaya. Da wannan wasan Oga yake auna lambobinsa. Kuma kullum nasara ake yi, Sarkin Rami ba ya barin Oga daga farko har ƙarshe. Har ta kai Oga ya rage wa kirari ƙarfi, ya ce wasan ya yi sauƙi da yawa.

Abu na farko da na nema da na kama aiki shi ne a fitar da wasan waje, a ba waɗanda ba su san mu ba. Muka shirya da wani gidan gem, inda matasa ke taruwa su buga wasanni, a unguwar Rikkos, wata Asabar cikin damina, na kwashi wayoyi na tafi. Matasan da na tarar a can ba sa buƙatar dogon bayani, wasu direbobin keke mai ƙafa uku ne, wasu ɗalibai, wasa ya riga ya zauna musu a yatsu. Ƙananan dodanni suka share su kamar wasa. Da aka zo kan Sarkin Rami sai labari ya sauya. Ana fara faɗa dodo ya juya wa jarumi baya, ya bi maharbi ya gama da shi, ya koma kan mai magani. Jarumi yana biye da shi yana ta kirari kamar mai kiran akuyar da ta ga dusa. Rukuni bayan rukuni, haka aka yi ta yi har yamma, babu wanda ya ci dodon nan.

Da zan tafi wani daga cikinsu ya miƙo mini waya ya ce, "Yallaɓai, jarumin nan naku ado ne kawai. Dodon ma bai san da zamansa ba."

Ranar Litinin na kai rahoto. Oga ya saurara har ƙarshe, ransa a ɓace, don akwai waɗanda suka yi alkawarin tallafa mana idan suka ga wasan ya tsayu, kuma lokacin nuna musu ya ƙarato. Ya ce shi bai gane ba, wasan da ake ci duk Alhamis a ɗakin nan, ta yaya zai gagara a Rikkos? Lambobin dai su ne, ba a taɓa su ba. Idan abu ya yi aiki a nan ya ƙi yi a can, to kod ne yake rikicewa. Ya juya wajen Zuwaira.

Ta ce, "Oga, na duba, lissafin fushin yana tafiya daidai."

Ya ce, "Daidai a ina? A kwamfutarki?"

Ya ce ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Idan ba a gano matsalar ba, zai ɗauko wani ya sake rubuta ɓangaren faɗa gaba ɗaya, kuma kamfani ba shi da ƙarfin riƙe masu kod biyu. Bai ɗaga murya ba, Oga Kabiru ba mai faɗa ba ne. Amma kowa a ɗakin ya gane cewa kwantiragin Zuwaira ake magana.

Abin ya fi rasa aiki nauyi a wurinta. Mahaifinta yana da shagon yadi a kasuwar Terminus, kuma bai taɓa yarda cewa haɗa wasan waya sana'a ba ce. Da ƙyar kawunta ya shawo kansa, bisa sharaɗin cewa idan abin bai yi ba ta dawo shago, kuma ba za a sake zancen ba. Wannan ba ita ta gaya mini ba, Auwalu ne. Ita dai tun daga ranar ta daina barin komai nata a ofis, ko kofin shayinta a jaka take komawa da shi gida. Na ji tausayinta ƙwarai.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, ba a cewa an gano matsala sai mai gwaji ya iya sa ta faru a duk lokacin da ya ga dama. Na fara da wayoyi. Na gwada tsofaffi da sababbi, na aro irin waɗanda ake riƙewa a Rikkos, na gwada da sabis mai ƙarfi da mai rauni. Zuwaira ta fito mini da ma'aunin fushi a fuskar waya don in riƙa ganinsa ƙuru-ƙuru. Duk harbi yana ƙara abin da ya kamata ya ƙara, duk kirari haka. Na nemi laifin kod ɗin nan har na gaji, ban samu ba.

Da Alhamis ta zagayo aka zauna wasa kamar yadda aka saba. Ni kuma na ja kujera na zauna a bayansu. Fuskar waya na riga na kalle ta ta ishe ni, ranar hannuwa na zo kallo.

Ana shiga wurin Sarkin Rami, tun dodo bai ɗaga hannu ba, Auwalu ya sa wa Oga garkuwa. Ta ƙare, ta sake cika, ya sake sa masa. Ko sau ɗaya bai sa wa Dung ba, bai sa wa kansa ba. Shi kuwa Dung, wanda na sha ganin yana wasu wasannin a wayarsa yatsunsa kamar na mai kaɗa kalangu, a nan sai ya yi harbi kaɗan ya ɗaga babban yatsa, ya saci kallon Oga, ya jira, sannan ya ci gaba. Oga bai san ana yi ba, ya duƙufa yana jin daɗin abinsa. Yana ma da wata ɗabi'a, shi mai son dambe ne: idan faɗa ya yi zafi sai ya juya jaruminsa ya ba dodo baya, ya fuskanci abokansa, sannan ya yi kirari, yadda ɗan dambe ke yi wa 'yan kallo. Aka ci dodo, aka yi dariya, aka shanye shayi.

A nan na ga abin. Kirarin da Oga ya rage wa ƙarfi bai isa ya riƙe dodo ba, ko kusa. Garkuwar da ba ta barin jikinsa ce take tara masa fushi, kuma maharbin da ya kamata ya ƙwace dodon yana taka wa kansa burki. A Rikkos babu oga a cikinsu. Maharbi yana harbi iya ƙarfinsa, dodo ya koma kansa, mai magani ya sa masa garkuwa don ya cece shi, garkuwar kuma ta ƙara manna masa dodon.

Washegari na tare Dung a matakala. Na ce masa na ga yatsansa jiya.

Ya yi dariya, ya duba sama, ya rage murya. Ya ce, "Malam Isyaku, idan na harba da gaske dodo zai bar Oga ya zo wurina. Oga zai tsaya a tsakiya kamar ba shi da aiki. Wannan abu ba shi da kyau."

Na ce, "Kun haɗa baki da Auwalu ne?"

Ya ce wallahi ba su taɓa maganar ba. Na yarda da shi, don da na tambayi Auwalu kallona ya yi kamar na tambaye shi dalilin da ya sa ake gaida babba. Ya ce, "To Malam, wa zan sa wa? Shi ne a gaba, kuma shi ne Oga." Na ce masa Zuwaira fa aikinta ne zai tafi a kan wannan. Shi sam bai haɗa abu biyun ba. Amma da na ce ya zo mu je mu gaya wa Oga, sai ya ce in yi masa rai.

Na kwana biyu ina juya maganar. A takarda abu ne mai sauƙi: a ƙara wa kirari ƙarfi, shi ke nan. Amma Oga zai tambayi dalili, tunda a idonsa kirari yana aiki. Amsar kuma ita ce, ranka ya daɗe, watannin nan duk yaranka ne suke raga maka. Mutumin nan ya girme ni, shi ya ɗauke ni aiki, ko wata uku ban cika ba. Idan na faɗa da baki zai kira Dung da Auwalu ya tambaye su, su kuma don kunya su ce ba haka ba ne, in zama baƙon da ya zo raba kan ofis, Zuwaira kuma ta tafi duk da haka. Na ce gani ya kori ji.

Na je na same shi na ce ina so Alhamis mai zuwa a yi gwaji a rufe. Ya tambayi me ke nan. Na ce zan gayyato mutum uku daga Rikkos, a zama shida, a yi rukuni biyu. Ni zan raba su, babu wanda zai san da wa yake wasa. Za a ɓoye sunaye, a kashe magana, kowa ya zauna inda ba ya ganin wayar wani. Ya ce tsarin ya yi masa, ko ba komai za a ga inda kod ɗin yake zamewa.

Ranar ta zo da ruwan sama tun azahar. Na zaunar da Oga a ɗakinsa na ja ƙofa. Sauran na warwatsa su, wani a baranda, wani a matakala, wani a bayan kabad, kowa da iyafis a kunne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na miƙa wa kowa wayarsa. 'Yan Rikkos na haɗa su rukuni guda. Oga na ba shi jarumi, Dung maharbi, Auwalu mai magani, su ukun a rami ɗaya kamar kullum. Ban ce musu an gauraya ba, ban kuma ce ba a gauraya ba. Ni da Zuwaira muka zauna gaban babbar talabijin muna kallon ramin su Oga.

Dung, da yake ya ɗauka jarumin wani ɗan Rikkos ne, ya saki hannu. Ban taɓa sanin maharbin nan yana da ɓarna haka ba. Nan da nan ma'auninsa ya wuce na kowa, Sarkin Rami ya bar jarumi ya yi kansa. Auwalu ya yi abin da kowane mai magani mai hankali zai yi, ya sa wa Dung garkuwa. Dodo ya ƙara nacewa. Jarumi yana bin su a baya yana kirari, babu wanda ya kula shi. Abin da na gani a Rikkos ne sak, yau ga shi a ofishinmu da mutanenmu. Na dubi Zuwaira, ba ta ɗauke ido daga talabijin ba.

Garkuwar Dung ta ƙare, jininsa ya fara zuba, saura ɗan kaɗan. Na ce a raina an gama, yanzu za su mutu, Oga ya fito ya tambayi abin da ya faru. Sai jarumin nan ya tsaya cak, ya juya wa dodo baya, ya fuskanci abokansa, ya yi kirari.

Wannan ɗabi'a ta Oga ban sa ta a lissafi ba.

Garkuwa na sake cika, Auwalu ya ɗauke ta ya sa wa jarumi, wanda babu mai dukansa, ya bar maharbi a hannun dodo da ɗigon jini. Dung kuma ya daina harbi ɗungurum, ya riƙa zagaye yana gudu. Fushin dodo a kansa ya sauka, kirarin jarumi ya kamo shi, dodo ya juya ya koma kan jarumi, ya tarar da garkuwa tana jiransa. Daga nan komai ya koma irin na kowace Alhamis. Suka ci Sarkin Rami. 'Yan Rikkos kuwa tuni dodo ya share su.

Oga ya fito yana cire iyafis. Ya ce, "Kun gani ko? Da farko ya rikice, ina kirari ba ya ji, daga baya kuma ya dawo daidai shi kaɗai. Wasa ɗaya, hali biyu. Abin da nake faɗa ke nan." Bai dubi Zuwaira ba, amma ita ta sunkuyar da kai. Gwajin da na shirya don in wanke ta ya zama shaida a kanta.

Na ce, "Oga, kafin a tashi, ƙa'ida ce a sake kallon wasan tare."

Na sallami baƙinmu da godiya tukuna, don abin da zai biyo baya ba na gaban baƙi ba ne. Muka rage mu biyar. Na mayar da bidiyon baya, na bar shi yana tafiya. Da aka zo wurin da garkuwa ta koma kan jarumi na tsayar. Oga mai tsara wasa ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya matso kusa da talabijin.

Ya ce, "Wane ne mai maganin nan? Maharbi yana mutuwa, ya ɗauki garkuwa ya ba wanda ba a duka?"

Auwalu ya ce, "Ni ne, Oga."

"Kai ne? Me ya sa ka yi haka?"

"Na gane kai ne, Oga. Da ka juya."

"To, sai me don ni ne?"

Auwalu ya ce, "Ai ba zan bar ka a fili ba."

Oga ya tambayi ko wane ne maharbin. Dung ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. Oga ya sa na koma farkon faɗan, ya kalli yadda kibau ke fita kafin ya juya, ya kalli yadda suka ɗauke bayan ya juya. Ya daɗe yana kallo. Ƙarar kekunan ɗinkin ƙasa kawai ake ji da ruwa a kan kwano.

Ya ce, "Dung, dama haka kake harbi?"

Dung ya ce e.

"Tun yaushe kuke mini haka?"

Bai sake tambaya ba. Na ga kunya a fuskarsa, na kuma ga baƙin ciki, don mutumin nan yana son wasan Alhamis har cikin ransa, ya ɗauka da hannunsa yake cin dodon nan. Ba muguwar niyya aka yi masa ba, girmamawa ce, kuma ina jin wannan ne ya fi yi masa ciwo, don babu wanda zai yi wa faɗa.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Ya ce, "Zuwaira, kod ɗinki lafiya lau yake. Lambata ce ba daidai ba. Maganar ƙarshen wata, na janye ta." Ya ce ita da ni mu zauna mu gyara kirari da garkuwa yadda muka ga ya dace, mu gwada a Rikkos, a kawo masa sakamako kawai. Ya shiga ɗakinsa ya rufe. Daga ranar bai sake shiga wasan gwaji ba, kuma ba wanda ya hana shi.

Da aka watse na tarar da Zuwaira tana naɗe wayar caji. Ina jin kaina a sama, ba zan ɓoye muku ba, na ɗauka zan ba ta labarin abin da ba ta sani ba. Na fara yi mata bayanin yadda na lura da yatsan Dung da garkuwar Auwalu. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Malam, ni ce fa nake zaune gaban ma'aunin nan duk Alhamis. Tun kafin ka zo nake ganinsa."

Na ce, "Kin sani? Kin sani kika zauna ana shirin sallamarki?"

Ta ce ta faɗa. Ranar da Oga ya rage wa kirari ƙarfi ta ce masa ko za a bar shi yadda yake tukuna. Ya ce an gwada, yana aiki. Ranar mitin ma ta ce lissafi yana tafiya daidai. Ta ce, "Iyakar yadda zan iya faɗa masa ke nan."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce wannan ai ba faɗa ba ne, kewaye ne. Aikinki, da alkawarin da kika yi wa mahaifinki, duk ki sa su a kan ko za a bar shi tukuna? Me ya hana ki fito fili ki ce masa raga masa ake yi?

Ta rataya jakarta, ta dube ni, ba da raini ba.

Ta ce, "Kai da ka gani da idonka, kuma aikinka ne ka faɗa, ka faɗa masa? Sai da ka ɗauko mutum uku daga Rikkos cikin ruwa, ka ɓoye Auwalu a bayan kabad."

Ta juya ta sauka matakala.

Abin da na koya a ranar shi ne, a aikinmu ba waya kaɗai ake gwadawa ba, har da waɗanda ke riƙe da ita. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar da mu kada mu bar babba a fili, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na fatan ta bar mu. Amma tana bin mu har cikin ramin kuza, ta lalata gwaji ba tare da kowa ya yi ƙarya ba, kuma wanda zai biya kuɗin ba babban ba ne, na ƙasa ne. Don haka idan aka ce muku wasa yana aiki, ku tambayi su wa suka buga shi, kuma wa yake jin nauyin wa a cikinsu. Idan kuma wata rana ni ne na kawo lambar da ba daidai ba, na roƙe ku, ku gaya mini da baki, tun ba a kai ga aikin wani ba. Na san da wuya ku iya. Ni ma ban iya ba.